Babi na Uku: Abin da ke Ƙarƙashin Gona

Me ya sa a wani gari igiya gaba uku ta ishi guga ya taɓo ruwa, a wani garin kuwa sai an ƙulla igiya da igiya, har a ɗaura wa jaki ko raƙumi ya ja? Me ya sa maƙwabcinka ya haƙa burtsatse ya sami ruwa har yana sayarwa, kai kuma da katanga ce kawai ta raba ku, ka biya masu inji suka wuni suna huda ƙasa, ba abin da ya fito sai farar ƙura? Me ya sa gero ke yin kyau a wannan gefen hanya, a wancan gefen kuma sai dawa?

Idan aka yi irin wannan tambaya a majalisa, amsar da ta fi saurin fitowa ita ce rabo. Haka ne, komai da rabonsa. Amma Allah ya sanya wa kowane abu sababi, kuma sababin wannan yana nan kwance ƙarƙashin sawunmu. Abubuwa huɗu ne suka riƙe wa juna hannu: dutsen da ke can ƙasa, ƙasar noman da ke kansa, ruwan da ya ɓuya a tsakaninsu, da itatuwan da suka tsiro a bisa. Wanda ya gane ɗaya daga ciki da kyau, to ya kama hanyar gane sauran ukun.

Tabarma a kan daɓe

Ƙasar da garma ke juyawa ba ta da kaurin da muke zato. Kamar tabarma take da aka shimfiɗa a kan daɓe. Duk inda ka tsaya, in ka yi ta haƙa, ko ba jima ko ba daɗe za ka tarar da dutse. Masu haƙar rijiya sun fi kowa sanin haka, domin su ne ke ratsa shimfiɗun ɗaya bayan ɗaya: baƙar ƙasa ta sama mai saiwoyi, sai ja, sai marmara, sai wani ruɓaɓɓen dutse da ke marmashewa a hannu, daga nan sai diga ta fara tartsatsin wuta.

Wannan ruɓaɓɓen dutse shi ne uwar ƙasar noma. Rana ta gasa dutse, sanyin dare ya ƙanƙame shi, ya tsage. Ruwan sama ya shiga tsagar ya yi ta cinsa a hankali, shekara dubu bayan shekara dubu. Ɓangaren da ya fi taurin kai ya zama yashi, ɓangaren da ya narke ya koma yumɓu. Ƙarfen da ke cikin dutsen kuma ya yi tsatsa, kamar yadda fartanya ke yi in ta kwana a raɓa. Wannan tsatsa ce ta rina jangargari ta zama ja. Inda ƙarfen ya taru ya daskare kuwa, shi ne marmara. Dutsen Dala da Goron Dutse a birnin Kano hular marmara ce a kansu, ita ta kare su daga zaizaya har suka tsaya ƙyam bayan ƙasar da ke kewaye da su ta lotsa. Tamar da ke cikin wannan marmara ce ta jawo maƙeran farko suka zauna a gindin Dala, sama da shekara dubu da suka wuce. Ashe tushen birnin ma daga dutse yake.

Sai dai ba duk ƙasarmu ce aka haifa a inda take ba. Wata baƙuwa ce, iska ta kawo ta. Kimanin shekara 15,000 zuwa 20,000 da suka shuɗe, an yi wani dogon zamani na fari da hamada ta gangaro kudu sosai, ta jibge tuddan rairayi a inda yanzu ake kira Jigawa da Yobe da Damagaram. Da ruwa ya dawo, ciyawa ta ɗaure tuddan suka tsaya cik. Su ne jigayin da jihar Jigawa ta ci sunansu. Ƙurar da ta fi laushi kuwa ta wuce gaba ta sauka wajen Zariya da Funtuwa, ta bar musu ƙasa mai taushi mai riƙe danshi, irin wadda auduga da masara ke so. Har gobe ba a daina wannan jigila ba. Hazon da ke rufe mu da hunturu, mafi yawansa daga wani busasshen kwari yake tasowa a arewacin Chadi mai suna Bodele, inda a da ruwan tabki ne. Ƙurar da uwargida ke sharewa a tsakar gida, a gona taki ce.

Gida biyu a ƙarƙashinmu

In da za a yaye tabarmar nan gaba ɗaya, za a ga ƙasar Hausa a kan daɓe iri biyu take zaune.

Na farko tsohon dutse ne mai tauri, irin wanda ake fasawa a yi tsakuwar gini. Ya haura shekara miliyan 500. Shi ne a ƙarƙashin Kano da Zariya da Kaduna da Gusau da kudancin Katsina. A wasu wurare yakan leƙo waje: Kufena a Zariya, Kwatarkwashi a Zamfara, falalen duwatsun Birnin Kudu da mutanen da suka yi zane a jikinsu.

Na biyu kuwa kwaruruka ne manya-manya a gefe da gefen wancan tsohon dutse, waɗanda koguna da tabkuna, har da teku, suka yi ta cika su da yashi da laka, shimfiɗa a kan shimfiɗa. Ta gabas akwai kwarin Tabkin Chadi, wanda ya fara daga tsakiyar Jigawa ya haɗiye Yobe da Barno da Diffa. Ta yamma akwai kwarin Sakkwato, wanda ya miƙe ya shiga Nijar ta Tawa da Dogon Dutsi. Wanda ya ga zafin Sakkwato a watan Afrilu zai yi wuya ya yarda teku ta taɓa kwanciya a wurin, amma shaida na nan. Farin dutsen Kalambaina da ake ƙonawa a yi siminti, tarin ɓawon halittun teku ne da suka mutu suka kwanta kimanin shekara miliyan 60 da suka wuce, har yau kuma ana tsintar ɓawonsu da haƙoran kifayen teku a duwatsun yankin.

Bambancin waɗannan gidaje biyu shi ne amsar tambayarmu ta rijiya.

Ruwa a cikin tsaga

Zuba ruwa a kan dutsen niƙa ka gani. Ba ya shiga, gangarewa yake yi. Haka tsohon dutse yake. Ruwan da damina ta bari wuri biyu kawai yake samun mafaka: cikin ruɓaɓɓen dutsen da ke sama, da cikin tsagogin da ke jikin mai taurin.

Ruɓaɓɓen dutsen nan ba kaurinsa ɗaya ba. A nan ya kai mita talatin, can gaba kaɗan bai fi mita biyar ba. Saboda haka ruwan ƙarƙashin Kano ko Zariya ba tabki ɗaya ba ne shimfiɗe, aljihu-aljihu ne, kamar an binne tuluna barkatai, wani babba wani ƙarami. Rijiyar da ta faɗa babban tulu za ta kai bazara. Wadda ta faɗa ƙarami, tun watan Maris guga zai fara kwaso laka.

Burtsatse kuma tsaga yake nema. Bakin injin bai fi faɗin faranti ba, tsagar kuwa wani lokaci ba ta kai kaurin yatsa ba. In ya dace da ita, ruwa ya ɓulɓulo. In ya kauce mata da taku goma, ko ya ƙara zurfi ƙura zai yi ta fitarwa. Wannan ne ya raba ka da maƙwabcinka. Shi ya sa masu awon ƙasa ke kafa ƙarafa su tura lantarki cikin ƙasa kafin a kira inji: jiƙaƙƙen wuri yana barin lantarki ya wuce da sauƙi, busasshen dutse yana tare shi. Kuɗin awon bai taka kara ya karya ba in aka gwada shi da asarar ramin da ba ruwa. Hausawa na cewa ruwa na ƙasa sai ga wanda bai tona ba. A kan tsohon dutse sai a ƙara da cewa, a san inda za a tona.

Ruwa a cikin soso

A kwarin Chadi da na Sakkwato labarin ya sha bamban. Shimfiɗar yashi kamar soso take, tsakanin ƙwaya da ƙwaya duk ruwa ne, kuma takan miƙe tafiyar kwanaki ba ta yanke ba. A nan da wuya a huda a rasa ruwa. Abin tambaya shi ne zurfinsa. A kan dogon jigawa ruwan sama yakan zurare ya yi ƙasa sosai kafin ya tarar da lakar da za ta tare shi. Can ne ake ganin rijiyoyi masu ban tsoro, waɗanda in ka jefa tsakuwa sai ka saurara kafin ka ji ƙararta.

A Barno an gano shimfiɗa uku na yashi mai ruwa, ta sama da ta tsakiya da ta ƙasa, biyun na ƙasa laka mai kauri ta rufe su. Ruwan da ke na ƙasan a matse yake, kamar iska a cikin tayar mota. Da aka fara huda su wajen ƙarshen shekarun 1950, sai ruwa ya riƙa tunkuɗo kansa sama ba famfo ba inji, makiyaya suka sami mashaya a dajin da da ba a iya zama da rani. Amma akwai abin lura. Yawancin wannan ruwa tsohon ajiya ne, ya taru tun zamanin da yankin ke da ruwan sama fiye da na yau. An bar burtsatse da dama suna kwarara dare da rana, ƙarfin tunkuɗowar ya yi ta raguwa, wasu suka daina gaba ɗaya. Rumbun da ake ɗiba ba a zubawa, komai girmansa, ranar ganin gindinsa na zuwa.

Irin wancan zamani na yalwar ruwa ba tatsuniya ba ne. Kimanin shekara 7,000 da suka wuce Tabkin Chadi ya kai girman da gaɓarsa ta zo har inda Maiduguri da Bama suke, dogon tudun yashin da ya ratsa garuruwan biyu shi ne tsohon bakin ruwan. A 1987 kuma wani Bafulatani makiyayi yana haƙar rijiya a ƙauyen Dufuna na jihar Yobe ya ci karo da kwalekwale a zurfin kusan mita biyar. Tsawonsa ya haura mita takwas, shekarunsa kuma wajen 8,000. Lakar da wancan tabki ya bari ita ce baƙar ƙasar firki ta wajen Dikwa da Ngala, mai darewa da rani har ƙafar akuya ta faɗa. Tana shan ruwa ta riƙe, shi ya sa ake dasa masakwa a cikinta bayan damina ta ɗauke, ta nuna ba tare da ta ga ɗigon ruwan sama ba.

Daga tudu zuwa fadama

Ba sai an yi doguwar tafiya ba kafin a ga wannan dangantaka. Fita bayan garinku ka gangara daga tudu zuwa rafi, kana duban ƙasa.

A ƙololuwar tudu sau da yawa tsakuwa ce da marmara, ko kuma fako, wurin da zaizaya ta kwashe ƙasar sama ta bar daɓe mai sheƙi wanda ruwa ba ya shiga. Gangarowa kaɗan sai jigawa, mai sauƙin huɗa, mai saurin shan ruwa da saurin sakinsa. Nan ne gidan gero da wake da gyaɗa. Gyaɗa tana son sakakkiyar ƙasa da za ta tura 'ya'yanta ciki, a kuma cire ta ba tare da sun tsinke ba. Dalar gyaɗar da Kano ta yi suna da ita bayan isowar jirgin ƙasa, jigawa ce ta gina ta. Ƙasa da nan sai jangargari mai ɗan danƙo, inda dawa ke miƙe wuya. Can gindi kuma fadama, baƙa, mai laka.

Me ya baƙanta fadama? Duk abin da ruwa ya wanko daga tudu, yumɓu da ruɓaɓɓen ganye da kashin dabbobi, a nan yake sauke shi. Ruwan da ya nutse a tudu ma bai tsaya ba, yana bin ƙarƙashin ƙasa a hankali yana gangarowa, har ya zo kusa da sama a fadama. Shi ya sa mai lambu ke tona ɗan rami ya kafa jigo, ko ya soka bututu ya ɗora injin ban-ruwa, ya yi albasa da tumatir da rake a tsakiyar rani. Tudu da fadama jiki ɗaya ne. Wanda ya aske itatuwan tudu har ƙasar ta zama fako, ya rage wa mai fadama ruwan rani, ya kuma aika masa da yashi da ambaliya da damina, ko da bai taɓa taka gonarsa ba.

Itatuwa masu ba da labari

Tun kafin na'urar awo ta zo, mahaƙan rijiya suna da ma'auninsu, wato itatuwa. Itace ba ya tafiya neman ruwa, saboda haka duk inda ka gan shi ya yi ƙiba, abin da yake so yana wurin.

Giginya da goruba ba sa nisa da ruwan ƙasa. In ka hango jerin giginyu sun bi wani kwari, ko da ba ka ga ɗigon ruwa ba, akwai shi kusa. Gulbin Kaba da ke ƙasar Maraɗi ya daɗe da daina gudu kamar kogi, amma kabar da ta ba shi suna tana shaida cewa ruwan yana nan a ƙarƙashin yashi. Haka dallol-dallol na yammacin Nijar, tsofaffin hanyoyin koguna ne da suka mutu a sama suna raye a ƙasa, rijiyoyinsu gajeru, garuruwa jere a bakinsu. Kanya tana son gefen rafi da gindin shuri. Bagaruwa da dushe suna jure laka mai kwanciyar ruwa. Jema ciyawar fadama ce.

Wasu kuma labarin ƙasa suke bayarwa. Geza ta fi yawa a kan tsakuwa da marmara, inda haƙa ke da wuya. Sabara ta jigawa ce. Ɗorawa da kaɗanya suna son ƙasa mai zurfi da wadataccen ruwan sama, shi ya sa suke yawa wajen Zariya, suna raguwa in ka nufi arewa, har aduwa da ƙaya su karɓe filin. In ka ga tumfafiya ta mamaye wuri, ko ƙuduji ya yi wa dawa jar shimfiɗa, gonar ce ke kukan gajiya.

Gawo kuwa ya fita daban. Saiwarsa takan nutsa ƙwarai har ta kai ga ruwan ƙasa, don haka yake yin kore da rani lokacin da kowa ya bushe, ya kakkaɓe ganyensa da damina lokacin da shuka ke bukatar rana. Ganyen ya zama taki, dabbobin da suka sha inuwarsa suka ci 'ya'yansa su bar nasu takin. Duk manomi ya san geron gindin gawo ya fi na fili zangarniya. Sarakunan Damagaram na da sun san haka, har suka sa doka mai tsanani a kan saran gawo.

Sai dai a yi hattara. Itace alama ce, ba alkawari ba. Kuka, alal misali, a cikin jikinta take ajiye ruwa, saiwoyinta a sama-sama suke yaɗuwa, girmanta ba ya nufin rijiya za ta yi albarka a gindinta.

Ruwa yana ɗaukar halin masaukinsa

Ruwa ba ya tsami banza. Duk dutsen da ya kwana a cikinsa sai ya lasa. Ruwan da ya ratsa marmara yakan bar ja a bokiti. Na yankin farin dutse yana hana sabulu kumfa, ya bar ɓawo a buta. A ƙasar Manga, inda ruwan ƙasa ke kusa kuma rana ke da ƙarfi, ruwan yakan tsotso sama ya ƙafe ya bar gishirinsa a kan ƙasa. Asalin kanwa da mangul ke nan, waɗanda fatake suka yi ƙarni da ƙarni suna kai wa kasuwannin kudu.

Wani abin da ruwa ke ɗaukowa kuwa ba ya da launi ba ya da ɗanɗano. Sinadarin fuloraid kaɗan yana ƙarfafa haƙori, in ya yi yawa ya rina shi, in ya wuce haka ya lanƙwasa ƙashi. A garin Tibiri kusa da Maraɗi, ruwan burtsatse mai zurfi da aka sha a shekarun 1980 da 1990 ya nakasa ɗaruruwan yara kafin a gane daga ina cutar take. Ruwan garau yake a ido. Darasin a fili yake: sabon burtsatse, a kai ruwansa a gwada kafin a buɗe wa jama'a.

Inda hannunmu ya shiga

Dutse ba ya sauyawa a tsawon ran ɗan Adam, amma sauran ukun suna hannunmu. Kogin Kano da na Challawa suna tasowa daga kan tsohon dutse, su haɗu su zama kogin Haɗeja. Da ya shiga kwarin Chadi sai ya rarrabu a tsakanin jigayi, ya malale fadamun Haɗeja da Nguru, wani kaso mai yawa ya nutse ya cika soson da rijiyoyin yankin ke sha. Da aka gama madatsar Tiga a 1974, aka ƙara da ta Challawa a 1992, noman rani ya bunƙasa a Kadawa da Kura, amma malalar da ke sauka ƙasa ta ragu. Ruwan da da yake zuwa ya tafi, ya koma ɗan kaɗan mai gudu duk shekara, kacalla ta sami yadda take so ta toshe hanyoyin ruwa. An taɓa ruwa a Kano, ciyawa ta sauya a Nguru.

Akwai kuma labari mai daɗi. Bayan farin 1984, manoman Maraɗi da Damagaram sun rungumi abin da suke kira sassabin zamani: maimakon a sare duk tohon da ya fito daga tsohon kututture, sai a zaɓi biyu ko uku masu ƙarfi a bar su su girma. Ba a sayi iri ba, ba a yi ban-ruwa ba, domin saiwoyin suna nan da ransu a ƙarƙashin gona. Ta haka itatuwa suka dawo a fili mai faɗin kimanin hekta miliyan 5. Inda itace ya tsaya, iska ta rage kwasar ƙasa, ganye ya ruɓe, gara ta huda fako, ruwan sama ya sami ƙofar shiga.

Saboda haka in ka sake tsayawa a bakin rijiyar garinku, ƙirga gaba nawa igiya ta ci, dubi launin ƙasar da aka tara a gefe, ɗaga kai ka ga itatuwan da ke kewaye. Abu ɗaya suke faɗa maka da baki uku. Amma duk ruwan da ke cikin tsaga da soso daga sama ya sauko, kuma ba kullum yake zuwa yadda aka saba ba. Daga ina hadarin gabas yake tasowa, me ke sa damina ta yi gardama wata shekara, ta yi ambaliya wata? Wannan shi ne zancen babi na gaba.